Autanmu ya kafe sai karatun rubuta kiɗa, ta ina ake farawa a Legas?

Yayan Auta, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma mai son yi min bayanin halal da haram ya ɗan dakata tukuna, wannan mun zauna da malaminmu a gida mun tattauna, abin da ya rage min yanzu sanin hanya ne.

Autanmu ne, shekararsa 19, a nan Agege aka haife shi, bara ya gama sakandare kuma sakamakonsa ba laifi. Tun yana ƙaramar sakandare wani malaminsu ya fara koya musu kibod, sauran yara suka watsar shi kuma ya riƙe gam. Ni da na ɗauka irin kiɗan situdiyo zai yi, a haɗa bit a yi waƙar biki a samu na cefane, ashe ba nan ya dosa ba. Yaron nan rubuta kiɗa yake a takarda, layuka biyar-biyar da wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu wutsiya, ya ce kowane ɗigo sauti ne, kuma abin da ya rubuta mutum arba'in za su iya zama su kaɗa shi tare kowa da nasa shafin, irin na okestira. Da dare in na dawo daga Mile 12 sai in tarar da shi a kan tabarma, laftof ɗin da na saya masa na hannu a Computer Village a kan cinya, iyafis a kunne, fensir a baki, in an ɗauke wuta ya haska takardar da fitilar waya ya ci gaba. Ranar nan ya sa min iyafis ɗin ya ce Yaya saurara, wlh sai da tsigar jikina ta tashi, don a cikin sautin gogen Turawan nan na ji wani abu da na sani, na ce kai wannan ai kamar waƙar da Inna take yi in tana daka, ya ce ita ce Yaya, juya ta na yi na raba wa goge huɗu.

Matsalar Baba ce. Ya ce mu ba mu gaji kiɗa ba, fatauci ne ya kawo kakanmu Ikko, babu maroƙi a zuriyarmu kuma ba a kan ɗansa za a fara ba. Auta kuma ya ce shi ba roƙo zai yi ba, ba zai wasa kowa ba, ba kuma liƙi za a yi masa ba. Ni ina tsakiya, kuma ni zan biya kuɗin makarantar, shi ya sa ba na son in yi zuba a rariya. A ina ake koyon wannan abu a Legas, me ake nema kafin a ɗauki yaro, dole sai ya fita waje, kuma tsakani da Allah ana cin abinci da shi?

Ɗan kasuwa, Alaba Rago:

Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa ni dai gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi, ka saurari Baba. Babba juji ne amma kuma abin da ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron nan wata rana aure zai nema, in aka tashi bincike aka ce me yake yi aka ce kiɗa, ba wanda zai tsaya tambayar na takarda ne ko na kalangu. Ya yi JAMB ya karanta kwamfuta ko akanta, kiɗan ya riƙa yi Asabar da Lahadi, in Allah ya nufa da rabonsa a ciki ba mai hana shi. Ban ce a kashe masa zuciya ba fa, amma a ba shi igiya biyu.

Malamin kwaya, Yaba:

Salama Yayan Auta. Ni mutumin Filato ne, na daɗe ina koyar da kwaya, wato rukunin masu rera waƙa tare irin na coci, da fiyano a nan Legas, da na karanta labarin takarda da fitilar waya sai na ga kaina ina yaro, don haka bari in ba ka abin da na sani dalla-dalla.

Wurin farko da za ku je MUSON ne, wato ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, a Onikan, daf da gidan tarihi na ƙasa da filin Tafawa Ɓalewa. Ƙungiyar tun 1983 aka kafa ta, cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, babban akantan nan, ka ga ko wannan ma abin faɗa wa Baba ne, dattawa masu mutunci ne suka sa hannu a harkar. Suna da makaranta hawa biyu, akwai ta share fage inda yaro ke zuwa darasi yana rubuta jarrabawar gired-gired, akwai kuma difloma ta shekara biyu, wadda gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibanta tun 2006. Kafin a kalli takardarsa ta difloma ana son kiredit biyar har da Turanci, sannan gired 5 a ka'idojin kiɗa da gired 5 a kaɗawa, ko na MUSON ɗin ko na ABRSM ko Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa na Ingila, bayan haka ya zo gaban malamai ya kaɗa su ji da kunnensu.

To a nan ne yaran da suka koya wa kansu a laftof suke tuntuɓe. Kowane ɗalibi sai yana da abin kaɗawa ko busawa ko murya da ya ƙware a kai, ba za ka je ka ce ni rubutu kawai nake yi ba. Kuma kibod ɗin da yawanci ake da shi a gida mai maɓalli 61 ne, laushi gare shi kamar burodi, fiyano na gaske 88 ne kuma da nauyi, yaron da bai saba ba minti goma yatsunsa sun gaji. Ya nemi inda zai riƙa taɓa fiyano na gaske ko awa ɗaya ce kullum. Sai horon kunne, a buga masa sauti ya rubuta ba tare da ya kalli hannun mai bugawa ba, a ba shi takarda ya rera abin da ke ciki bai taɓa jinsa ba. Mu a coci da do re mi muka tashi kuma ya taimake mu ƙwarai, amma layuka biyar ɗin nan dole ya karanta su kamar yadda yake karanta saƙon waya.

In digiri kuke so, UNILAG a Akoka suna koyar da kiɗa a sashen fasahar ƙirƙira, LASU a Ojo ma suna yi, akwai Ife, akwai Nsukka wadda ita ce ta fara buɗe sashen kiɗa a jami'o'in ƙasar nan. Ni shawarata ya fara cike gired 5 ɗin nan cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, yana yi yana shirin JAMB, ƙofa biyu ke nan.

Kuma ya san cewa hanyar nan akwai sawun mutane a kanta. Fela Sowande, an haife shi a Abeokuta a 1905, a babban cocin Marina ya koyi ogan, wato babban kibod ɗin coci, a hannun T.K.E. Phillips kafin ya tafi Landan, African Suite ɗinsa na kayan tsirkiya har yau ana kaɗa shi a duniya. Ayo Bankole a Jos aka haife shi a 1935, ya yi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan ya yi jami'ar Kambirij. Akin Euba ɗan Legas ne, ya rasu a 2020, shi ya yi ta jan hankali cewa a sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. Abin da yake ci min rai shi ne in ka jera manyan nan kusan duk da kiɗan Yarbawa da Ibo da na mutanen bakin ruwa suka yi aiki, namu na arewa kuwa yana nan jibge, goge, kukuma, gurmi, algaita, kotso, taushi, kaɗan ne aka taɓa. Yaron da ya ji waƙar daka ya raba ta wa goge huɗu ba tare da an ce ya yi ba, dan Allah kar a bar shi ya lalace.

Baba Saje mai ritaya, Ojo:

Yayan Auta sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da kake tsaye wa ƙaninka. Jikata ce take rubuta min ina faɗa. Ni ɗan badujala ne, da bigila na fara na koma kakakin Turawa, turamfet, har na yi ritaya, kuma a nan Ojo sojoji suna da makarantar kiɗa tasu. Ka gaya wa mahaifinku ni da busa na aurar da 'ya'yana, da albashi da fansho, ban taɓa tsayawa ƙofar gidan kowa ina roƙo ba. Ko taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 har 2024, wanda ya sa masa kiɗa Benedict Odiase ne, shugaban badujalar 'yan sanda.

Amma ga abin da nake so yaron ya ji daga bakin tsoho. Kwamfuta ba ta da huhu, duk abin da ka rubuta mata za ta kaɗa. Akwai wani matashi da ya taɓa kawo mana abin da ya rubuta, mai ilimi ne kuma mai ladabi, a kwamfutarsa abin daɗi kamar me, da aka raba mana takardu muka ɗaga kaya sai ga shi ya jera mana sauti dogo har gaɓa goma sha shida ba inda mutum zai ja numfashi, kuma duk a can sama, kafin mu kai rabi leɓena ya mutu, na kusa da ni idonsa ya yi ja. Sannan bai san turamfet da kilarinet ɗinmu in an rubuta do to abin da ke fita ƙasa yake da taki ɗaya ba, dole mai rubutu ya ɗaga musu nasu shafin, shi kuwa ya ba kowa iri ɗaya, muna farawa sai ka ce kasuwar Mile 12 da sassafe. Yaron ya zauna a benci ya dafe kai, na je na zauna kusa da shi da fensir muka bi shafin layi-layi ina nuna masa nan za mu sha iska, nan ka sauko da mu, nan ka ba wa turombon. Bayan sati biyu ya dawo muka busa, da muka gama sai da ya share hawaye.

Mai algaita shi yana iya busa ba tsayawa don yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, shi ya sa kake ganin kumatunsa kamar an hura balan-balan, amma ba kowane mai busa ne ya iya wannan ba, kuma mai rubutu sai ya san wa yake rubuta wa. Ya riƙa zuwa inda ake atisaye, ko na badujala ko na kwaya ko na masu goge, ya zauna a gefe da takarda a hannu ya yi shiru yana kallo, ya ɗauko musu kujera, ya tambayi kowa me ke ba shi wuya a kayansa. Za su gaya masa, mu masu busa muna son a tambaye mu.

Anti mai fiyano, Surulere:

Baba Saje ranka ya daɗe, ka faɗi rabin abin da na zo faɗa. Yayan Auta ni wannan ce sana'ata, 'yar Kaduna ce ni amma a nan na yi karatun kuma a nan nake aiki, bari in amsa maka tambayar cin abinci don na ga kowa ya ɗan kewaye ta.

Rubuta kiɗan zaure, irin na okestira da ake zama a saurara, shi kaɗai ba zai ciyar da shi a shekarun farko ba, ko a Turai ma 'yan kaɗan ne yake ciyarwa balle nan. Abin da ke biyan haya shi ne koyarwa, makarantun kuɗi da darasin gida a Ikoyi da Lekki da Ikeja, sai raka mawaƙa da fiyano, sai tsara wa kwaya ko makaranta waƙa, sai kiɗan fim da talla in ya iya haɗa rubutun da aikin situdiyo, kuma ina ba shi shawara ya iya. Ni ranakun Talata zuwa Asabar na yara ne, rubutuna daga asuba zuwa ƙarfe takwas nake yi kafin in shiga go-sulo. A ce wani ya kira ka ya biya ka ka rubuta sabon abu, yana faruwa amma jefi-jefi, kuma sai an riga an ji aikinka. Aikin farko kai za ka tara abokai huɗu, ka biya musu kuɗin mota, ka sayi ruwa da abinci, ka aro ɗaki, ka ɗauki bidiyo da waya mai kyau. Shi ya sa makaranta take da amfani ko don wannan, 'yan ajinsa su ne makaɗansa na farko kuma su za su riƙa kiransa aiki nan da shekara goma. Duk aikin da zai yi wa wani kuma a rubuta yarjejeniya, nawa ne, wa ke da haƙƙin mallaka, sunan wa zai fito, ni an taɓa amfani da kiɗana a wani aiki sunana bai fito ba don da baki muka yi magana.

Kayan aiki ba sai kun kashe kuɗi ba, MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, kyauta ne kuma ya ishe shi yanzu, Sibelius da Dorico sai nan gaba, Finale kuwa an daina sayar da shi tun 2024 kar wani ya yaudare ku. A shafin intanet na IMSLP zai samu takardun tsofaffin ayyuka kyauta, ya riƙa saurare yana bin takarda da ido, ya kwafi shafi ɗaya ko biyu da hannu, a nan ake gane yadda aka ɗinka abin.

Fita waje ba dole ba ne yanzu, ni na fi son ya yi digirin farko ko difloma a gida ya nemi na biyu a waje. Za su nemi ayyuka biyu ko uku a rubuce tare da rikodin, kuma wanda mutane suka kaɗa ya fi na kwamfuta daraja nesa ba kusa ba. Ingila da Amurka tsada sai da sikolashif. Jamus yawancin makarantun kiɗa na gwamnati ba kuɗin makaranta mai yawa, amma akwai jarrabawar shiga mai zafi, akwai yaren, akwai kuɗin zama da sai ka nuna kafin biza.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka suna canja ma'ana, kuma littattafan da zai karanta ba su san da wannan ba. Na taɓa rubuta wa kwaya waƙa da Hausa, a ƙarshen layi akwai kalmar wuya, ta wahala nake nufi, to ka'idar da aka koya mana ita ce a rufe layi da saukowa, sai na sauko da muryar. Na kunna wa mahaifiyata ina jiran yabo, ta saurara har ƙarshe ta ce wuyan wa ake magana? Don wuya ta wahala daga ƙasa take hawa, wuya na jiki shi ne yake saukowa. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Sati guda na yi ina warware waƙar, kuma daga ranar kafin in sa wa kalma sauti sai na faɗe ta da baki sau goma na ji inda take hawa da inda ake jan wasali. Auta yana da wannan a kunnensa kyauta, wanda ɗan ajinsa da bai tashi da harshen ba sai ya sha wahala kafin ya ji.

Don haka ya ɗauki waya ya naɗi Inna, waƙar daka, ta niƙa, ta reno, ta gaɗa in tana tunawa, ya rubuta ranar da sunan waƙar. Ya je wajen mahauta a Oko-Oba ya nemi masu kalangu, ya tsaya kusa da masu algaita da kakaki ranar Sallah, ya gaishe su da ladabi ya ba su goro ya koya. Bela Bartok na Hangari haka ya yi, ƙauye-ƙauye da na'urar naɗar sauti, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913. Zai kuma gano cewa sautin goge da algaita ba ya zama daidai a kan maɓallan fiyano, wani yana faɗawa tsakanin biyu, kar ya ce kuskure ne ya gyara musu, mai biyolin, wato gogen Turawa, zai iya bin sa tunda shi ma kayansa ba shi da matakala.

Yayan Auta, Agege:

Ngd ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri, Baba Saje Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ɗan'uwana na Alaba Rago ma na ji maganarka kuma ban watsar ba.

Ranar Laraba na bar wa yaron shagona shago, ni da Auta muka hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan muka shiga mota zuwa Obalende muka taka zuwa Onikan. Mun karɓo bayanin darasi da na jarrabawa. Muna tsaye a baranda wani yana atisayen fiyano a ciki, Auta ya jingina da bango ya rufe ido, sai da na taɓa shi sau biyu kafin ya motsa.

Da dare na karanta wa Baba abin da Baba Saje ya rubuta, har wurin albashi da fansho. Bai ce ya yarda ba. Ya dai ce sharaɗinsa yaro ya rubuta JAMB, kuma sallah da karatun asuba kar ya ji an ce kiɗa ya hana, sannan ba ya son ganinsa a gidan biki. Auta ya ce ya amince. Inna kuwa jiya ta zauna ya naɗe ta waƙa shida, ta ce akwai wasu sai ta tuna, wai sai tana riƙe da taɓarya suke zuwa mata.

Abin da ya rage yanzu fiyano. Malamin kwaya, Anti, dan Allah ko kun san wata makaranta ko wani gida tsakanin Agege da Ikeja da ke da na gaske mai 88 ɗin, da za a bar shi ya riƙa zuwa da safe awa ɗaya? Zan biya, kuma yaron zai share ɗakin ya goge kayan.